Jean-Louis Pons: Mai gadin da ya gano taurari masu wutsiya 37

A ƙarshen watan azumin shekarar 2024, duk wanda ke da madubin hangen nesa ko da ƙarami ne, ya kuma dace da sararin da ba hazo, idan ya dubi yamma bayan an sha ruwa zai iya hango wani ɗan haske dishi-dishi ba nisa da duniyar Jupita, wadda malamai ke kira Mushtari. Tauraruwa mai wutsiya ce da ake kira Pons-Brooks. Kafin wannan, rabonta da leƙo mu tun 1954, kuma ba za ta sake dawowa ba sai wajen 2095. Sunan farko da ke liƙe da ita na wani Bafaranshe ne da bai yi karatu mai zurfi ba, wanda ya shiga gidan nazarin taurari na birnin Marseille a matsayin mai gadin ƙofa. Kafin ganinsa ya raunana ya gano taurari masu wutsiya 37, kuma har yau babu wanda ya kamo shi a cikin masu neman su da ido.

An haifi Jean-Louis Pons ranar 24 ga Disamba 1761 a ƙauyen Peyre, cikin tsaunukan Alpes na kudu maso gabashin Faransa. Gidansu na talakawa ne, karatun da ya samu kuwa bai taka kara ya karya ba. A 1789, shekarar da juyin juya halin Faransa ya ɓarke, ya samu aikin gadi a gidan nazarin taurari na Marseille, wanda limaman Kirista na ɗariƙar Jesuit suka kafa tun 1702 a tsohuwar unguwar Accoules, saman tashar jiragen ruwa. Aikinsa kula da ƙofa da ginin ne, sai kuma taimaka wa masana idan dare ya yi. Shugaban gidan, Saint-Jacques de Silvabelle, da wanda ya gaje shi, Jacques Thulis, sun lura mai gadin nasu yana da sha'awa, suka koya masa yadda ake sarrafa madubi. Daga nan ya koyi goge gilashi da kansa, yana harhaɗa nasa madubin. Wanda ya fi ji da shi mai faɗin gani ne, yana ɗaukar fili mai yawa na sama a kallo ɗaya, ya sa masa suna Grand Chercheur, wato babban mai nema.

Sai mutum ya san yadda wannan farauta take kafin ya gane abin da Pons ya yi. Tauraruwa mai wutsiya ba ta fara bayyana da wutsiya. Tana nesa, abin da ake gani ɗan tabo ne fari-fari kamar an shafa toka a baƙin zane. Matsalar ita ce sama cike take da irin waɗannan tabo da ba sa motsi, tarin taurari ne da gajimaren iskar gas masu nisan gaske. Charles Messier, babban mafaraucin birnin Paris, saboda yawan ruɗa shi da suke yi ne ma ya zauna ya rubuta jerin sunayensu. Mai nema zai share yammacin sama bayan magariba, ya share gabas kafin asuba, layi bayan layi, dare bayan dare, galibi ya tashi hannu rabbana. Idan ya ga tabo sai ya tambayi kansa: wannan ɗan gida ne ko baƙo? Pons ya haddace sama yadda makiyayi ke sanin garkensa, saniya ɗaya ta shigo daga wani garke ya gane ta tun daga nesa.

Ya shekara goma sha biyu a gidan kafin ya yi kamun farko. Ranar 11 ga Yuli 1801, yana da shekara 39, ya hango tauraruwarsa ta farko, ya riga Messier da kwana ɗaya. Masanin taurari Jérôme Lalande ya sa kyautar faran 600 ga wanda ya fara gano tauraruwa mai wutsiya a sabon ƙarni, kuɗin suka faɗa hannun mai gadi. Ga Messier wannan ce ta ƙarshe, ga Pons kuwa somin taɓi ne. Daga 1801 zuwa 1827, kusan uku cikin huɗu na duk taurari masu wutsiya da aka gano a duniya, idonsa ya gan su.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Pons gwanin gani ne, amma ba gwanin awo ba ne, lissafi mai zurfi kuwa bai iya shi ba. Sau da yawa bayanin da yake bayarwa na inda ya ga tauraruwa ba ya isar masu lissafi su fitar da hanyarta, wasu ma sun ɓace kafin wani ya tabbatar da su. A cikin 37 ɗin, 26 kawai ke ɗauke da sunansa. Akwai wadda ya gani a Fabrairun 1808 da aka rasa gane ko wace ce har tsawon shekara 179, sai a 1987 wani masani ɗan ƙasar Slovakiya, Ľubor Kresák, ya nuna cewa ita ce Grigg-Skjellerup, mai zagaya rana kusan duk shekara biyar.

Lokacin da Pons ya fara aiki, tauraruwa ɗaya tak aka taɓa cewa za ta dawo kuma ta dawo. Ita ce ta Edmond Halley, Baturen Ingila da ya rubuta a 1705 cewa taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 abu ɗaya ne mai dawowa duk bayan shekara 76 ko kusa da haka. Ta dawo a ƙarshen 1758, shi kuwa ya riga ya rasu. Akwai kuma wadda Messier ya gano a 1770, Anders Lexell ya lissafa cewa tana zagaya rana cikin shekara biyar da rabi, amma aka zuba ido ba ta sake bayyana ba. Lexell ya bayyana dalili: Jupita ce ta jawo ta cikin wannan gajeren falaki a 1767, ita ce kuma ta sake wurgar da ita a 1779. Don haka abin da yawancin masana suka ɗauka shi ne, tauraruwa mai wutsiya baƙuwa ce da ke zuwa sau ɗaya, ko kuma ta yi ɗaruruwan shekaru kafin ta waiwayo. Jama'ar gari kuwa, a Turai kamar a ƙasar Hausa inda ake mata kirarin ganinta ba alheri ba, sun ɗauke ta alamar yaƙi ko yunwa ko mutuwar sarki.

Ranar 26 ga Nuwamba 1818 Pons ya ga wani tabo. Wannan karon tauraruwar ta daɗe ana ganinta, har aka samu awo mai kyau na makonni. Awon ya kai hannun wani saurayi Bajamushe mai shekara 27, Johann Franz Encke, ɗalibin shahararren masanin lissafi Gauss, wanda ke aiki a gidan nazarin taurari na Seeberg kusa da garin Gotha. Encke ya gwada ɗora ta a kan doguwar hanyar da aka saba ɗora irinta, lissafi ya ƙi. Da ya gwada falaki mai siffar ƙwai, sai ga amsar da ba a zata ba: shekara uku da kusan wata huɗu kacal take yi ta zagayo rana. Ya koma baya da lissafi, yana cire tasirin jan da kowace duniya ta yi mata, duk da alƙalami da takarda, har ya tabbatar ita ce Pierre Méchain ya gani a 1786, ita ce Caroline Herschel ta gani a 1795, ita ce kuma shi Pons ɗin ya taɓa gani a 1805 bai san tsohuwar baƙuwarsa ce ta dawo ba. Encke ya ce a saurare ta a 1822. A watan Yunin shekarar, Carl Rümker ya hango ta daga Parramatta a ƙasar Ostireliya, kusan daidai inda lissafi ya nuna.

Yau sunanta tauraruwar Encke. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma a yi wa Encke adalci: shi da kansa har ya bar duniya tauraruwar Pons yake kiranta a rubuce-rubucensa. Sauran masana ne suka ga cewa, kamar yadda aka yi wa Halley, wanda ya gane hanyar ya fi cancantar suna a kan wanda ya hango. Ana iya jayayya da wannan hukunci. Wasu sun riga Pons ko sun yi tarayya da shi wajen ganinta, babu wanda ya san abin da ya gani sai da Encke ya zauna. Amma kuma Encke bai da abin lissafawa sai da wani ya kwana a sanyin Nuwamba yana share sama.

Falakin wannan tauraruwa ya nuna abin da ba a saba ji ba. Idan ta matso, tazararta da rana kusan kilomita miliyan 50 ne, kashi ɗaya cikin uku na nisan duniyarmu da rana. Idan ta yi nisa iyaka, wajen kilomita miliyan 610, ba ta ma kai falakin Jupita ba. Wato ƴar gida ce, a tsakiyar duniyoyi take zaune. Daga nan ƙofa ta buɗe, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya Pons ne ya fara ganinsu. Ta ranar 12 ga Yuni 1819, Encke ya ba ta shekara biyar da rabi da ɗan kai, ta ɓace har sai da Friedrich Winnecke ya sake gano ta a birnin Bonn a 1858, shi ya sa ake ce mata Pons-Winnecke. A 1927 ta wuce duniyarmu da tazarar kilomita miliyan shida kawai. Ta Fabrairun 1818 kuwa sai a wajen 1930 Andrew Crommelin ya haɗa ta da waɗanda aka gani a 1873 da 1928, ya ce abu ɗaya ne mai dawowa duk shekara 28, ita ma sunan mai lissafi ta ɗauka. Ta Yulin 1812 ita ce William Brooks ya sake cin karo da ita a Amurka a 1883.

A yau masana na kiran duk tauraruwar da ke kammala zagayenta cikin ƙasa da shekara 200 mai gajeren zango, kuma sun kasa su gida biyu. Abin mamaki, Pons ya kamo daga kowane gida. Akwai dangin Jupita, masu zagayen ƙasa da shekara 20, waɗanda falakinsu ke kwance kusan a shimfiɗa ɗaya da na duniyoyi, suna kuma bin alƙiblar da duniyoyi ke bi. Jupita ce uwar ɗakinsu, ƙarfin janta ke juya su yadda ya so. Pons-Winnecke misali ce: a 1819 tana shigowa har cikin falakin duniyarmu, amma wucewa kusa da Jupita a kai a kai ta tura ta waje, zagayenta ya ƙaru zuwa shekara shida da ƴan watanni. Gida na biyu su ne irin Halley, masu shekara 20 zuwa 200, waɗanda falakinsu ke karkace ta kowace fuska, wasu ma suna tafiya saɓanin duniyoyi. Pons-Brooks na cikinsu, falakinta ya karkace da digiri 74, kuma tana fita har bayan duniyar Neptun.

Tambayar daga ina suke fitowa ta jira fiye da ƙarni da rabi bayan Pons. Dalilin da ya sa dole a yi ta shi ne waɗannan taurari ba sa daɗewa. Duk lokacin da ɗaya ta kusanci rana tana zubar da wani ɓangare na jikinta, cikin ƴan dubban shekaru ta ƙare ko ta bushe, alhali rana da duniyoyinta sun kai shekara biliyan huɗu da rabi. Ke nan akwai rumbun da ake ɗebo sababbi. A 1980 Julio Fernández, masani ɗan ƙasar Uruguay, ya nuna cewa dangin Jupita ba za su iya fitowa daga ko'ina cikin sama ba, tun da duk a shimfiɗa ɗaya suke, sai dai daga wani faifai na curarrun ƙanƙara da ke bayan Neptun. A 1992 David Jewitt da Jane Luu suka gano na farko daga cikin waɗannan curarru, a yankin da ake kira ɗamarar Kuiper. Neptun ce ke tsinko ɗaya daga gefen yankin, ta miƙa wa Uranus, Uranus ta miƙa wa Satan, wato Zuhalu, har ta faɗo hannun Jupita, tafiyar da ke cin miliyoyin shekaru. Game da irin Halley kuwa, karkatar falakinsu ta sa masana da yawa ke danganta su da gajimaren Oort, wanda ya kewaye rana ta kowane ɓangare daga nisan da ya ninka wancan sau ɗaruruwa.

Da me aka yi su? Nan ma taurarin Pons ne suka ba da amsa. A Nuwambar 1805 ya gano wadda daga baya aka sa wa sunan Wilhelm von Biela, hafsan sojan Ostiriya da ya sake ganinta a 1826 ya kuma lissafa mata shekara shida da wata tara. A 1846 masana suka ga ta rabe gida biyu a kan idonsu. A 1852 ɓangarorin biyu suka dawo tare, nesa da juna, daga nan ba a sake ganinsu ba. Sai daren 27 ga Nuwamba 1872, da duniya ta ratsa hanyar da tauraruwar ke bi, aka ga dubban ƴan taurari suna ta zubowa daga sama kamar ruwa. Tarkacenta ne ke ƙonewa a cikin iska. Abin da ya rabe haka kuwa ba dunƙulallen dutse ba ne.

Ita kuma tauraruwar Encke wani abu take yi da ya hana mai sunanta barci. Duk zagaye sai ta riga lissafi isowa da kusan awa biyu da rabi. Encke ya zaci akwai wata siririyar iska a sararin samaniya da ke rage mata gudu tana matso da ita. Sai a 1950 Fred Whipple na jami'ar Harvard ya kawo bayanin da ya zauna: ƙwayar tauraruwa curin ƙanƙara ne haɗe da ƙura. Zafin rana na mayar da ƙanƙarar tururi, tururin na fesowa da ƙarfi, yana tura curin kamar yadda wuta ke tura roka. Da yake curin na juyawa, kuma kowa ya san zafi ya fi tsanani bayan azahar a kan tsakar rana, feshin ba ya fuskantar rana daidai, sai ya karkata gefe, ya riƙa ƙara wa tauraruwar gudu ko ya rage, gwargwadon alƙiblar juyawarta. Tururin da ƙurar su ne kuma ke zama wutsiya, wadda kullum ke kallon saɓanin rana, ta miƙe miliyoyin kilomita alhali ƙwayar Encke ba ta kai kilomita biyar ba.

Kumbunan Turai sun je sun gani da ido. Giotto ya wuce kusa da Halley a 1986 ya tarar da curi mai tsawon kilomita 15, baƙi ƙirin kamar gawayi, sannan a 1992 ya ratsa kusa da Grigg-Skjellerup, wato tabon da Pons ya gani a 1808. Rosetta ya shekara biyu, daga 2014 zuwa 2016, yana rakiyar wata ƴar dangin Jupita mai suna Churyumov-Gerasimenko. Ya samu ƙanƙarar ruwa, da daskararrun iskar kabon, da ƙura mai yawa, har da sinadarin gilaisin, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin a jikin masu rai. Cikinta duk kofofi ne, nauyinta kusan rabin na ruwa mai girmanta, da za a samu tekun da zai ɗauke ta da sai ta yi iyo.

Pons bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Shi dai matsayinsa ya riƙa ɗagawa a hankali. Sai a 1813, bayan shekara 24 a gidan da taurari fiye da goma a hannunsa, aka ba shi muƙamin mataimakin masanin taurari. Cibiyar Kimiyya ta Paris ta ba shi kyautar Lalande a 1818 saboda taurari uku da ya gano a shekarar, ta sake ba shi a 1820 da 1827. Babban mai tsaya masa shi ne Franz Xaver von Zach, masani mai wallafa mujallar taurari, wanda ya riƙa yaɗa labarin kamunsa a Turai. Zach ne ya ba da sunansa ga Maria Luisa, sarauniyar ƙaramar masarautar Lucca a Italiya, da ta gina sabon gidan nazarin taurari a Marlia. A 1819, yana dab da shekara 58, tsohon mai gadi ya bar Faransa ya zama shugaban gida.

Daɗin bai daɗe ba. Sarauniyar ta rasu a 1824, gidan ya rasa mai ɗaukar nauyinsa. A 1825 Leopold na Biyu, mai mulkin Toskana, ya kira shi birnin Florence ya shugabanci gidan nazarin taurari na La Specola. A wannan birni ne, tun a 1457, wani masani Paolo Toscanelli ya zana hanyar wata tauraruwa mai wutsiya, wadda lissafin da aka yi a 2020 ya nuna ita ce Pons ya gano a 1812. A Florence ya ci gaba da farauta yana tsoho. A watan Yunin 1827 shi da Adolphe Gambart, matashin da ke shugabantar tsohon gidansa na Marseille, suka gano tauraruwa ɗaya kusan lokaci guda, wadda ba a sake gani ba sai a 2012. Ta watan Agustan 1827 ita ce ta ƙarshe.

Daga nan ganinsa ya fara raguwa, har ya kai ba ya iya aiki da madubi. A 1831 ya ajiye aiki, Giovanni Battista Amici, gwanin ƙera madubai, ya gaje shi. Ya rasu a Florence ranar 14 ga Oktoba 1831, saura ƴan makonni ya cika shekara 70. An sa sunansa a kan wani rami da ke fuskar wata.